Shafin intanet na cibiyar sadarwar al'umma: yadda ake tsara shi, da abin da ke kashe shi

Cibiyar sadarwa ta al'umma ita ce wadda mutanen wani yanki suka haɗa da hannunsu. Su kafa eriya a kan rufin gidaje ko su binne wayar fayiba, su jona rauta da rauta (na'urorin da ke rarraba intanet), su sayi babban layin intanet guda su raba a tsakaninsu. Su ne masu ita, su ne masu gyara ta in ta lalace. Guifi.net ta fara a 2004 a karkarar Osona da ke Kataloniya, a ƙasar Sifaniya, lokacin da kamfanonin sadarwa ba su ga ribar kai layi mai gudu ƙauyuka ba, yau kuma tashoshinta masu aiki, wato wuraren da aka kafa na'urorinta, sun haura 30,000. Freifunk ta taso a Jamus a farkon shekarun 2000. A Afirka ta Kudu akwai Zenzeleni, wadda ta fara a Mankosi a 2012 tare da Jami'ar Western Cape, tana aiki da hasken rana. A Amurka akwai NYC Mesh, wadda 'yan sa kai ke gudanarwa a tsakiyar birnin New York.

Abin da aka fi bari a baya a irin wannan aiki shi ne shafin intanet na cibiyar. Hankalin kowa yana kan eriya da batir da inda za a samo kuɗin layi. Shafin kuwa sai an gama komai a tuna da shi, a danƙa wa wani matashi da ya iya kwamfuta, ya zuba hotunan taro da tambarin masu ba da tallafi, shi ke nan. A ganina daga nan ake fara ɓata rawa da tsalle. Shafin cibiyar al'umma kayan aiki ne, matsayinsa ɗaya da na rauta da sandar eriya, kuma yana da wata matsala da shafin kamfani ko na jarida ba shi da ita: mutanen da suka fi buƙatarsa su ne waɗanda ba su da intanet mai kyau a daidai lokacin da buƙatar ta taso. Kusan duk shawarar da za a yanke wajen tsara shi daga wannan take fitowa.

A duba masu zuwa shafin. Akwai wanda bai shiga cibiyar ba tukuna, labari ya ji, ya buɗe da 'yar datar wayarsa. Tambayoyinsa ba su da yawa: ta iso inda nake? Me zan biya? Wa zan yi wa magana? Akwai mamba wanda layinsa ya ɗauke, yana so ya san ko matsalar daga gidansa ce ko ta kowa da kowa ce. Akwai ɗan sa kai da ke tsaye a kan rufi, rana na dukan fuskar wayarsa, hannu ɗaya riƙe da eriya, yana neman lambobin da zai saita na'ura da su. Sai jami'in hukumar da ke ba da lasisi, ko ɗan jarida, ko wakilin ƙungiyar da ke son ba da tallafi, wanda ke zaune a ofis gaban babbar kwamfuta da layi mai gudu. Shi kaɗai ne a cikinsu ba ya fama da komai, amma sau da yawa dominsa ake gina shafin, tunda a hannunsa kuɗi ko izini suke. A ware masa sashensa a ciki, mai tarihin cibiyar da rahotanninta. Fuskar farko kuwa ta sauran ukun ce.

Da zarar an yarda da haka, maganar nauyi ce ke biyo baya. Awon da HTTP Archive, wani shiri mai bibiyar yadda ake gina shafukan intanet, ke yi ya nuna matsakaicin shafin intanet a yau ya wuce megabayit 2, kuma hotuna da JavaScript (umarnin da shafi ke turo wa waya don ta aiwatar) ne suka kwashe mafi yawan nauyin. A yi lissafi. Layin da ke ba da kilobit 200 a daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa 80 kafin ya sauke megabayit 2. Shafi mai kilobayit 100 a kan wannan layin, daƙiƙa 4 ya ishe shi. Kuma a cibiyar al'umma layin na tarayya ne, don haka kowane hoto marar amfani da mutum ɗaya ya sauke, daga rabon maƙwabtansa aka ɗiba. Saboda haka ba a sa bidiyo mai kunna kansa, ba a ɗauko salon haruffa daga wata sabar (kwamfutar da ke ajiye shafuka) ta waje alhali wayar mutum tana da nata, kuma a matse hotuna a rage girmansu kafin a ɗora. Rubutu ya fita sosai a kan bangonsa. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don shafuka su yi sauƙin amfani ga masu naƙasa, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma mutumin nan da ke kan rufi cikin rana shi zai fi kowa gode wa wanda ya bi ta. Lambar waya da farashi da wuraren da cibiyar ta kai su kasance rubutu ne zalla, wanda zai bayyana ko da JavaScript ya ƙi tashi.

Daga nan sai tambayar da masu gini suka fi son yin gardama a kanta: da me za a gina? Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce manhaja irin WordPress ko Drupal, wadda ke haɗa shafi nan take duk lokacin da wani ya buɗe, ta ɗauko rubutun daga rumbun bayanai. Daɗinta shi ne wanda bai san komai a harkar ba zai iya shiga ya rubuta sanarwa kamar yana rubuta wasiƙa. Wahalarta kuwa tana son kulawa kullum. In aka yi watanni ba a sabunta ta da ƙananan manhajojin da aka liƙa mata ba, masu kutse za su same ta, don manhajojinsu ba sa barci wajen laluben irin waɗannan shafuka. Hanya ta biyu ita ce shiryayyen shafi, wanda manhaja irin Hugo ko Jekyll ke haɗawa sau ɗaya ta fitar da fayiloli gama-gari. Ba rumbun bayanai, ba ƙofar shiga da za a fasa, kuma ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi tana iya ɗaukarsa ba tare da ta yi nishi ba. Matsalarsa ita ce gyara rubutu yana neman ɗan sani, har a wayi gari mutum ɗaya ne kawai ke iya taɓa shi.

Ni dai na fi karkata ga shiryayyen shafi ga duk abin da ba ya yawan canzawa: bayanin cibiya, yadda ake shiga, jagorar saita na'ura. Amma ba manhajar da ta fi burge masu fasaha ce abin dubawa ba. A tambayi kai, in wanda ya gina ya tafi karatu ko ya sami aiki a wani gari, wa zai iya canza lambar waya a fuskar farko? In amsar ita ce babu kowa, to an zaɓi abin da bai dace ba, komai kyansa.

Wurin da ya fi rikitarwa, kuma wanda ya bambanta wannan aiki da ginin sauran shafuka, shi ne inda za a ajiye shafin. In aka ajiye shi a sabar da ke cikin cibiyar, mambobi za su buɗe shi da sauri, ba tare da ya ci komai daga babban layi ba, kuma ko layin waje ya yanke yana nan. Sai dai ranar da wuta ta ɗauke a babbar tasha, ko tsawa ta ƙona na'ura, shafin zai mutu tare da cibiyar, a daidai ranar da kowa ke neman bayani. In kuma aka ajiye shi a waje, a sabar haya, zai rayu ko cibiyar ta faɗi, amma ranar da babban layi ya yanke, mamban da ke zaune a kan Wi-Fi ɗin cibiyar ba zai iya kaiwa gare shi ba, alhali eriyarsa lafiya lau take.

Mafita ita ce a ajiye shi a wuri biyu, kuma a nan ne shiryayyen shafi ya fi nuna amfaninsa, don kwafe fayiloli daga wannan sabar zuwa waccan ba wani aiki ba ne. Sashen da ke sanar da halin da cibiya take ciki, wato wace tasha ce ta faɗi, tun yaushe, wa ke kan gyara, lallai ya zauna a waje, inda mutum zai same shi da datar wayarsa. Jagorar gyara da fayilolin saita na'ura kuwa su kasance da kwafi a ciki.

Sai dai kwafin cikin yana da tarkuna guda uku da suke kama mutane. Na farko suna. Kafin waya ta buɗe shafi sai ta tambayi tsarin DNS lambar sabar da ke ɗauke da sunan. In wannan tambayar sai ta fita waje take samun amsa, to yankewar babban layi zai kashe shafin cikin ma, ko da sabar tana ɗaki na gaba. Dole cibiyar ta kasance da nata mai amsa sunaye a ciki, wanda zai nuna wa mambobi sabar gida, ya bar mutanen waje su je ta waje, duk da suna ɗaya. Wasu kan ƙirƙiro wani suna na cikin gida su ƙare shi da .local, wanda an riga an keɓe shi don wani aiki dabam, sai wasu na'urori su buɗe wasu su ƙi. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta ware .internal a 2024 don irin wannan amfani na cikin gida.

Amma ko shi bai raba gardama ba, saboda tarko na biyu, wato HTTPS, tsarin da ke sirranta abin da ke wucewa tsakanin waya da shafi, wanda sai da takardar shaida yake aiki. Burauzoji na yau suna yi wa shafin da ba shi da takardar shaida kallon tuhuma, wasu ayyukan ma, kamar ajiye shafi a waya don a karanta shi ba intanet, ba sa yiwuwa sai da ita. Masu bayar da takardar kuwa ba sa ba sunan da ba a yi wa rajista a duniya ba. Don haka ya fi sauƙi a yi amfani da sunan gaske na cibiyar har a ciki. Let's Encrypt, wadda ta buɗe wa jama'a a ƙarshen 2015, tana ba da takardar kyauta, kuma tana da hanyar tabbatar da mallakar suna ta DNS, wadda ke ba da damar samar wa sabar da ba a iya gani daga waje takarda. Wa'adinta gajere ne, kwana 90 aka saba, saboda haka sabuntawar ta zama mai yin kanta, kuma a sa wani abu da zai yi ƙara in ta gaza.

Tarko na uku ƙarami ne, amma yana iya cinye wa mutum yini guda yana laluben inda matsala take: agogo. Rautoci da yawa da ƙananan kwamfutoci ba su da batirin riƙe lokaci. Wuta na ɗaukewa su manta kwanan wata, sai sun tambayo daga intanet. In suka tashi babu layin waje, sai su ɗauka ana wata shekara can baya, duk wata takardar shaida da suka duba su ce ba ta inganta ba. Sabar lokaci guda a cikin cibiyar, mai ɗan agogo da batir, tana kawar da wannan.

Akwai kuma shafin ƙofa, wanda ke faɗowa da kansa idan mutum ya kama Wi-Fi. Yadda abin ke aiki shi ne, waya na kama layi sai ta aika wata 'yar tambaya zuwa adireshin da kamfanin da ya ƙera ta ya tanada. In amsar da ta dawo ba ita ce wadda take jira ba, sai ta gane akwai ƙofa a gaba, ta buɗe ɗan taga. Tagar nan ba cikakkiyar burauza ba ce, tana rufe kanta da zarar an shiga, wani lokaci ma kafin a gama karatu. Kada a tura mata dukkan shafin. Sunan cibiya, sharaɗi a layi biyu ko uku, wurin sa lambar kati in cibiyar na sayar da kati kamar yadda Zenzeleni ke yi, da adireshin babban shafi a rubuce yadda za a iya tunawa. Iyakarta ke nan.

Taswira ita ce abin da kowa ke fara nema, kuma ita ce ta fi jawo sababbin mambobi, don mutum na ganin maƙwabcinsa a ciki hankalinsa ke kwanciya. OpenStreetMap da manhajar Leaflet sun sa haɗa ta ya yi sauƙi, ƙungiyoyin Freifunk da yawa ma suna da taswira mai nuna kowace tasha da ƙarfin mahaɗinta kai tsaye. Amma a tsaya a yi tunani kan abin da ake bugawa. Kowane ɗigo a taswirar nan gidan wani ne, kuma yana sanar da duniya cewa akwai na'ura mai daraja a kan rufinsa, wataƙila da batir da farantin sola. In taswirar tana nuna yawan wayoyin da ke kan tasha a kowane lokaci, ta kuma faɗi lokacin da gidan ba kowa. Tun ran gini tun ran zane: a tambayi kowa izini a fom ɗin shiga, a gusar da ɗigon kaɗan daga ainihin wurin a taswirar da jama'a ke gani, a bar sahihan lambobi ga masu gyara kaɗai. A Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta mai da kula da irin waɗannan bayanai wajibi, ƙasashe da dama kuma sun yi nasu dokokin makamantanta. Taswira tana da nauyi, don haka kada ta tashi da kanta a fuskar farko. A rubuta jerin wuraren da aka kai, a bar maɓalli ga mai son gani.

Fom ɗin shiga ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi. A cibiyar da ke aiki da iska, tambaya mafi girma ita ce ko rufin mai nema yana hango wata tasha ba tare da gini ko bishiya sun tare ba, don siginar gigahaz 5 ba ta jure shamaki. Shi ya sa NYC Mesh ke neman adireshi sannan ta nemi hoton kewayen rufin, don 'yan sa kai su duba kafin wani ya ɗauki tsani. Dabara ce mai kyau, tana rage zirga-zirgar banza. Abin da ya rage shi ne me ke faruwa bayan an danna maɓallin aikawa. In saƙon yana faɗawa akwatin imel na mutum ɗaya, ranar da ya yi rashin lafiya shiga ta tsaya. Ya kamata ya faɗa inda mutane da yawa ke gani, mai nema kuma ya sami amsa nan take mai gaya masa matakin gaba da kusan tsawon jiran da zai yi.

Guifi.net ta kai wannan tunani nesa. A shafinta mutum yake sa tasharsa a taswira, shafin ya ba shi lambobin adireshin na'ura, ya kuma haɗa masa fayil ɗin saiti da zai zuba a rautarsa. Wato shafin ne rajistar cibiyar baki ɗaya, shi ke hana mutum biyu ɗaukar lamba ɗaya. Freifunk ta bi wata hanya: kowace ƙungiya ta gari tana da nata shafin, sai ta wallafa ɗan fayil mai bayaninta a tsari guda, babban kundin ya tattaro su. Cibiya mai tasha ashirin ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da za ta ɗauka shi ne a sami wuri ɗaya tak da aka yarda shi ne gaskiyar wace na'ura ke ina, da wace lamba. Sashen sauke manhajar rauta kuma, ga masu amfani da OpenWrt, manhajar kyauta da ake zuba wa rauta, ko abin da aka gina a kansa, a rubuta samfurin na'ura da lambar zubinta ƙarara, da hoto in ya yiwu, domin fayil ɗin da ba nata ba yana iya kashe rauta.

Abu biyu ne nake ganin bai kamata a ɓoye su a can ƙasa ba. Ɗaya yarjejeniyar cibiya: me aka yarda mamba ya yi, me ake tsammani daga gare shi, ko ana ajiye bayanin abin da yake buɗewa. Freifunk tana da gajeriyar yarjejeniyar Pico Peering, Guifi.net tana da tata, kuma amfaninsu shi ne ran da saɓani ya taso akwai rubutu da za a koma wa. Ɗayan kuɗi: nawa ya shigo, nawa aka biya na layi, nawa aka sayi kaya. Cibiyar da mutane suka haɗa da gudummawarsu zargi ne ke fara cin ta kafin tsatsa ta ci eriya, kuma ɗan jadawali da ake sabuntawa duk wata yana kashe yawancin zargin tun bai girma ba.

Harshe kuwa, da wanda mambobi ke magana za a fara rubutawa, a fassara wa baƙi daga baya. Yawanci akasin haka ake yi, sai sashen harshen gida ya tsaya a sanarwar bara. A tabbata an sa tsarin UTF-8, wanda ke sa haruffan kowane harshe su fito daidai, a gwada haruffa masu lanƙwasa a tsohuwar waya, ba a kwamfutar mai gini ba. Inda karatu bai yawaita ba, gajeren sauti da aka matse yana aiki, muddin ba ya kunna kansa.

Shafukan irin waɗannan cibiyoyi ba kasafai kutse ko ƙonewar sabar ke kashe su ba. Abin da ya fi yawa shi ne sunan shafin an yi masa rajista da imel da katin banki na mutum ɗaya. Shekara ta zagayo, saƙon tunatarwa ya tafi akwatin da ba mai buɗewa, sunan ya faɗi, wani ya saye shi, alhali an buga shi a jikin kowace rauta da kowace takarda da aka raba. Ko kuma a sami saɓani, mai riƙe da kalmar sirri ya yi fushi ya tafi da ita. Rajistar ta kasance da sunan ƙungiyar, da imel na ƙungiyar da aƙalla mutum biyu ko uku ke iya buɗewa, a biya na shekaru da yawa gaba in da hali. Fayilolin shafin su zauna a ma'ajiya irin Git, inda kowane gyara ke da tarihi kuma kowa zai iya ɗaukar kwafi. A rubuta takarda guda mai bayanin inda komai yake da yadda ake canza shi, sannan a miƙa ta ga wani mamba da bai taɓa sa hannu a ginin ba, a ce ya canza lambar wayar da ke fuskar farko, mai ginin yana zaune a gefe bai ce uffan ba. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, nan ne za a sake rubutawa a takardar.